Sarkin Lodi da Tumatirin Malama

Kowa da baiwar da Allah ya yi masa. Wani murya, wani lissafi, wani kuwa iya barci a mota. Ni tawa lodi ce. Ku nuna mini kaya, ku nuna mini wurin da za a zuba su, in dube su sau ɗaya in gaya muku yadda za su shige. A siton kamfanin sabulun da nake aiki, ni da kaina na raɗa wa kaina Sarkin Lodi, kuma da yake na dage da maimaitawa, sunan ya bi ni har cikin dangi. Shi ya sa da na tashi komawa karatu in yi digiri na biyu, ban wahalar da kaina da tunani ba: fannin jigilar kaya zan karanta. Ba wai don in koyi wani abu ba fa, don dai su ba ni takarda a kan abin da na riga na sani.

Matata, wadda nake kira Malama saboda tana koyar da ilimin halittu a sakandare, ita ma tana son komawa, amma tata hanyar ta fi tawa wuya. Shekara da shekaru tana fama da tumatir a barandarmu. Kullum da safe tana bin furanni da ɗan burushi tana ɗaura musu aure, wai tana neman irin da zai yi 'ya'ya komai tsananin zafi. Ta shuka sun fi a ƙirga, rana ta soye su. Uku kacal suka tsira a cikin tukwanen roba, suka miƙe, suka fara fure. Ba ta da sauran iri a ajiye, waɗannan ukun su ne aikin gaba ɗaya. Wata Farfesa a wata jami'a mai nisa ta ga hotunansu ta ce hoto ba ya gamsar da ita, a kawo mata su ta gani da idonta. Ɗalibi ɗaya za ta ɗauka bana, kuma ranar da ta sa mana ita ce ta ƙarshe kafin ta yi tafiya.

Malama ta ce, "Mu hau bas kawai, in rungume su a cinyata har mu isa."

Na ce, "Bas? Matar Sarkin Lodi a bas? Me kike so mutane su ce? A motata za mu. Mu biya mu gaida Goggo, mu gaida Kawu, mu leƙa jami'ar da ke kan hanya, mu je wajen Farfesarki tunda can ma akwai sashen da nake so, mu ƙare a gidan Ummanki. Ke dai zauna ki ga tsari."

Motar tawa 'yar ƙarama ce mai ƙofa a baya, kuma ni ne na uku da ya mallake ta. Muka tashi da jaka biyu da filo biyu, Malama a gaba da tukwanenta uku a cikin kwali a kan cinya, tana yi musu magana duk lokacin da muka faɗa rami.

Goggo ƙanwar babana ce. Mun gaisa, mun ci mun sha, sai idona ya sauka kan wani abu a kusurwar falo, an lulluɓe shi da zanen gado.

"Goggo, firiza kika saya?"

"Ta 'yar'uwarka ce, Mai Ƙanƙara. Tata ta mutu, ciniki ya tsaya. Babbar mota nake jira ta kai mata."

Mai Ƙanƙara 'yar Goggo ce, kuma a garin da jami'ar Farfesa take, a nan take aure tana sayar da ƙanƙara. Na gyara zama na ce, "Ai garinsu za mu."

Goggo ta leƙa ta taga ta kalli motata, ta fashe da dariya har da riƙe ciki. "Haba ɗan nan! Wannan gwangwanin? Ai sai dai firizar ta ɗauki motar."

Malama ta taka mini ƙafa. Na ji sarai, amma an riga an taɓa ni inda yake mini ciwo. Na miƙe na naɗe hannun riga.

Kafin mu fito da firizar ƙofar gida, rabin layin ya taru. Telan da ke maƙwabtaka da Goggo ya bar kekensa ya zo da almakashi a hannu yana cewa, "A raba ta biyu mana, in kun isa can a nemi tela ya ɗinke." Mai wanki ya ce a'a, a ɗora motar a kan firizar a tura. Ban kula su ba. Na auna da hannu, na auna da ƙafa, na kwance kujerar baya gaba ɗaya na jingine ta a falon Goggo, na ce zan dawo in ɗauka. Muka kinkima, muka karkata, muka tura, fentin ƙofa ya kankare, fitilar baya ɗaya ta fashe, firiza dai ta shige. Ƙofar baya ba ta rufu ba, na ɗaure ta da igiyar shanyar Goggo. Aka yi mini tafi. Wallahi a lokacin nan da an ce in ɗauki gidan ma da na gwada.

Abin da ban sani ba shi ne, muna barin layin Goggo ta ɗauki waya ta kira Kawu, wan mahaifiyata, ta ba shi labari har da ƙari. Muna isa gidansa washegari muka tarar da shi a bakin ƙofa yana jiranmu, kaya a jere a gabansa.

"Sarkin Lodi da kansa! An ce ka sa gida guda a mota."

"Kawu, ai wannan wasan yara ne."

"Madalla. To ga katifa, ta ɗana ce da ke aiki a garin surukarka. Ga fanka, ita ma tasa ce. Wannan kuma," ya ja igiya, wani baƙin bunsuru mai gemu ya fito daga bayan ƙofa, "na surukarka ne. Ka ce ina gaishe ta."

Warin bunsurun ya riga shi isowa. Malama ta matso kusa da ni ta rage murya ta ce, "Yallaɓai, ka ce masa babu wuri." In Malama ta kira ni Yallaɓai, to ranta ya fara ɓaci.

Na ce, "Malama, 'babu wuri' magana ce ta waɗanda ba su san abin ba."

Katifa ta hau rufin mota, fanka ta kwanta a kan firiza, bunsuru na cusa shi a ɗan lungun da ya rage tsakanin firizar da ƙofa, daidai bayan kujerar Malama. Kawu ya sa mini albarka, ya ce tun ina yaro ya san kaina yana ja. Muka kama hanya tagogi duka a buɗe, motar tana tafiya tana nishi, bunsuru yana hura wa Malama iska a wuya.

Jami'ar da ke kan hanya ba mu ga ko aji ɗaya nata ba. Maigadi ya tare mu a ƙofa, ya zagaya motar a hankali, ya dawo ya leƙo.

"Masu kawo kayan kasuwa ta ƙofar baya suke shiga."

"Wace kasuwa? Mu masu neman digiri na biyu ne."

Ya nuna bunsuru da sandarsa. "Har da shi?"

Na fito daga mota don in yi masa bayani da kyau. Ina cikin koya masa bambanci tsakanin kayan sayarwa da kayan da ke kan hanyar wucewa, motoci sun yi layi a bayanmu suna ta ham, sai na ji Malama ta kurma ihu. Bunsuru ya miƙo wuya ta kan kafaɗarta ya cafke kan tumatir ɗaya, da fure da komai, yana taunawa yana kallona. Malama ta rungume kwalin tana dukansa da jakarta, shi kuwa da ya tsorata sai ya saki fitsari, ya bi ta ƙarƙashin kujera ya jiƙa mata riga da takalmi. Maigadin ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Na juya mota muka bar musu jami'arsu.

A gefen titi Malama ta ce, idonta ya yi ja, "Ko bunsurun nan ya sauka, ko ni in sauka."

"Babu mai sauka. Ki ba ni minti ɗaya."

Nan dabara ta faɗo mini, irin wadda nake ji a jikina sai ni. Ga firiza a mota, babu komai a cikinta, ba a jone take ba, ga inuwa, ga murfi. Na ɗage fanka, na jera tukwanen uku a ciki, na dafe su da filo biyu ta yadda ko motsi ba za su yi ba. Don iska ta riƙa shiga, na zaro ƙafa ɗaya ta takalmin da na tanada don ganin manyan jami'a, na tokare murfin da shi.

Malama ta daɗe tana kallon abin. "In ka manta da su a ciki fa?"

Raina ya sosu ƙwarai. "Ni? Malama, motoci nawa nake sallama a sito kullum? Ko sabulu ɗaya an taɓa cewa ya ɓata a hannuna?"

"An taɓa."

"Wannan laifin direba ne."

Ranar ganin Farfesa muka shiga garin tun da hantsi. Malama ta ce ba za ta tsaya gaban Farfesa tana warin bunsuru ba, in sauke ta gidan wata ƙawarta ta yi wanka ta sauya kaya, ni in kai firiza in dawo. Da ta sauka ta zagayo ta tagata ta kama gilashin da hannu biyu.

"Ka fitar da su kafin ka sauke firizar."

"Na ji."

"Maimaita."

"In fitar da su kafin in sauke. Haba Malama, yaro kika samu?"

Mai Ƙanƙara ta tarbe ni da irin tsokanar da muka saba tun muna yara. "Lale da ɗan dako! Ashe da gaske ne. Ina kujerar motar taka, ka sayar ka sha mai?" Masu sayen ƙanƙara da ke zaune da kulolinsu babu kaya suka taso don a taimaka, saboda su ma firizar suke jira. Sai dai abin da ya shiga da kyar ya ce ba zai fita da daɗi ba. Muka ja, ta ƙi. Muka girgiza, ta ƙi. Wani ya ce a sassare rufin motar, wata ta ce a bar firizar a ciki kawai a jawo waya daga ɗaki, motar ta zama shago. Ni kuwa da na ga jama'a, sai kaina ya kumbura. Na hau ba da umarni: kai riƙe nan, ke matsa can, a karkata hagu, a ɗaga gindi. Firiza ta zame ta fito da ƙarfi, murfi ya buga gam, wani abu ya yi tsalle ya faɗo a gabana.

Na duba, sai ga takalmina. Na ce, "Kai! Ashe nan ka shige, tun ɗazu nake nemanka!" Na ɗauka na goge shi da hannun riga, na zaro ɗan'uwansa daga jaka, na sa su ina jin daɗi.

Aka shigar da firizar shago. Mai Ƙanƙara ta ce, "An ce in an yi tafiya da ita sai a bar ta ta huta kafin a jona."

"Wa ya ce? Mutum ce da za ta huta? Ga wuta an kawo, jona ta yanzu. Murɗa ta har ƙarshe. Kuma kada ki kuskura ki buɗe sai ta ɗau sanyi sosai, buɗe-buɗen nan ne yake kashe muku kaya."

Ta jona, ta murɗa har ƙarshe. Na dafa murfin na ji tana ruri, na ce, "Kin ji lafiyayyen inji." Aka kawo mini abinci na zauna na ci, na ba masu kuloli labarin yadda na kwance kujera, na sake ba waɗanda suka zo daga baya. Da Mai Ƙanƙara ta ga wuri ya samu a motar, ta ce ko zan kai wa uwar mijinta 'yan katan-katan na kwanuka tunda hanyata ce. Na ce ko tambaya ma raini ne. Na sauko da katifa daga rufi na lanƙwasa ta a ciki, na jera katan, na ɗora fanka, na mayar da bunsuru lungunsa. Bayan motar ya sake cika maƙil.

Malama ta fito daga gidan ƙawarta tsaf da ita, tana ƙamshi. Tana shiga ta waiga, ba ta ga komai ba sai katifa.

"Suna ina?"

"Suna baya, lafiya lau."

"Ka tabbata?"

"Malama, ki daina ɗaga wa kanki hankali, ki yi tunanin abin da za ki gaya wa Farfesa."

Wallahi ba ƙarya na yi niyyar yi ba. Na tuna sarai na ce zan fitar da su, har da maimaitawa, kuma a kaina in na faɗi abu to kamar an gama shi ne.

A wannan jami'ar maigadi bai tare mu ba, saboda na rufe bunsuru da tawul. Aka ce Farfesa tana taro, sai an jima. Malama ta zauna jira a benci, ni kuwa na tsallaka ginin da ke fuskantar nasu, inda sashen jigilar kaya yake, na samu shugaban sashen, wani Dakta mai sanƙo da tabarau. Ya tambaye ni abin da nake so in bincika. Na ce ni ba bincike ya kawo ni ba, sakamako na kawo, yana nan a waje a kan taya huɗu. Na tsare bawan Allah nan da surutu har shayinsa ya huce, daga ƙarshe don ya rabu da ni ya ce mu je ya gani.

Muna isa wajen motar, sai ga Farfesa ta sauko da kanta, doguwar mace mai furfura da ba ta da alamar wasa, ɗalibanta suna biye da ita, Malama a gefenta tana murza yatsu. Farfesa ta ce, "Ba ni da lokaci da yawa. Ina shukokin?"

Da na ga manya biyu da ɗalibai sun kewaye motata, sai na ji ranar da nake jira ce ta zo. Na kwance igiya na ce, "Ranku ya daɗe, kafin a ga shuka, a fara ganin tsari. Ka'idata ita ce, abu mafi daraja shi ake sawa can ciki." Na sauke fanka, na yi bayani. Na sauke katan ɗaya bayan ɗaya, na yi bayani. Na ja katifa, ta warware da ƙarfi ta make ni a fuska, na zauna a ƙasa, ɗalibai suka ƙunshe dariya. Na tashi na kaɗe wando na ce wannan ma yana cikin lissafi. Bunsuru ya ga ƙofa a buɗe ya yi tsalle da tawul a ka, ya bi ta tsakanin ƙafafun Dakta ya faɗa cikin furannin da aka shuka a gaban ofis. Na bi shi na cafko igiyarsa, ya ja ni, na ja shi, na dawo ina haki.

Farfesa ta ce, "Malam, shukokin."

Na leƙa cikin motar. Jaka biyu, tayar ko-ta-kwana, kashin bunsuru. Na ɗaga jaka, na ɗaga taya. Na buɗe ɗan akwatin gaban mota, ko me nake tsammanin gani a ciki, oho. Malama ta tsare ni da ido.

Sai wayata ta yi ƙara. Hannuna ɗaya yana riƙe da bunsuru, na danna da ɗayan, ashe lasifika na buɗe. Muryar Mai Ƙanƙara ta cika wurin.

"Ɗan dako, gaskiya ka iya aiki, firizar nan tana ja kamar me! Amma ba ka ce mini kun sa mini tsarabar shuke-shuke a ciki ba. Na buɗe zan zuba ruwa na gan su, har da filo. Sun yi tauri ƙam. Kada ka damu, na mayar na rufe don kada su lalace."

Wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai bunsuru yana tauna furen jami'a. Na kwarma ihu a wayar, "Cire wutar! Cire wutar!"

"Ba kai ka ce kada a..."

"Na ce ki cire!"

Dakta ya cire tabaransa ya goge, ya mayar, ya dafa kafaɗata ya ce a hankali, "Malam, ka zo ka yi karatun nan. Wallahi kana bukatarsa."

Na ɗauka Farfesa za ta juya ta koma ofis. Sai ta dubi Malama ta ce, "Gidan da nisa?" Malama ta girgiza kai. Farfesa ta buɗe motarta ta ce Malama ta shiga. Ɗalibai uku suka cusa kansu a baya. Dakta ma ya tada tasa, ya ce ba zai bari a ba shi labarin ƙarshen wannan ba. Ni na biyo su a baya da bunsuru, na bar katifar Kawu da kwanukan mutane a filin jami'a.

A shagon Mai Ƙanƙara an riga an fito da tukwanen an ajiye a ƙasa. Sanyin ya fara sakinsu, ganyen ya yi baƙi ya langaɓe, furannin sun zube. Malama ta durƙusa a gabansu da kayanta masu kyau, ta taɓa ganye ɗaya, ya manne mata a yatsa. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Na so a ce ta zage ni. Na tuna duk safiyar da na fito ina gyara wuyan riga na wuce ta a baranda tana sunkuye a kan shukokin nan, ban taɓa tsayawa na tambaye ta me take gani ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Farfesa ta jawo kula ta zauna a kai. Ta fara yi wa Malama tambayoyi: wanne ta haɗa da wanne, me ya sa, wane zafi suka jure, me ta gani a saiwarsu. Malama tana amsawa da ƙyar da farko, sannan muryarta ta daidaita, har ta fara musu da Farfesa a kan wani abu da ban gane ba. Masu sayen ƙanƙara suka yi cirko-cirko suna saurare. Farfesa tana magana tana bin tukwanen da yatsa, ta ture matattun ganye, har ta kai kan wanda bunsuru ya cinye wa kai. Can ƙasa kusa da tushe, wani ɗan toho da bai kai tsawon yatsa ba yana nan kore. Ta ce a ba ta reza da kofi. Ta yanke shi a hankali ta tsoma a ruwa.

"Ba na ɗaukar ɗalibi a kan abin da ya mutu," in ji ta. "Za a ajiye wannan a ɗakin renon shuke-shukenmu. In ya yi saiwa, gurbin naki ne. In bai yi ba, sai baɗi, in kina da ƙarfin sake farawa."

Malama ta karɓi kofin da hannu biyu, tana ƙoƙarin miƙewa daga durƙuson. Ni kuwa, Allah ya sani da zuciya ɗaya, na miƙa hannu na ce, "Kawo in riƙe miki."

"A'a!"

Ba mutum ɗaya ya faɗa ba. Farfesa ta faɗa, Malama ta faɗa, Mai Ƙanƙara da Dakta da ɗalibai suka faɗa, har wata tsohuwa da ta zo sayen ƙanƙara ba ta san kan zancen ba, ita ma ta faɗa. Na janye hannuna na sa a aljihu. Aka kewaye kofin aka raka shi mota, ni aka bar ni da igiyar bunsuru.

Daga nan har gidan Umma, Malama ta juya mini ƙeya. Umma ta karɓi bunsurunta ta yi godiya, ta dubi fuskar 'yarta, ta dubi tawa, ta ce a kai mini ruwa waje in wanke motar. Muka dawo gida, makonni suka wuce, ana gaisawa da ni kamar baƙo. Duk ƙarar waya sai in kasa kunne. Rannan ina wanke kwanuka, abin da ban saba ba, na ji Malama a baranda tana cewa, "Na'am, Farfesa... farare? Guda nawa?" Sai na ji ta zauna a ƙasa tana kuka, kukan da ba ta yi ba a shagon ƙanƙara. Na tsaya a bakin ƙofa da kumfa a hannu, ban san ko in matsa ko in koma ba, har ta ɗago ta ce, "Ya yi saiwa."

Da lokacin ƙaura zuwa garin Farfesa ya zo, na fara zagaya falo ina auna kujeru da ido. Ban kai ga buɗe baki ba na ji ƙugin babbar mota a ƙofar gida. Malama ta ɗauko ta da masu lodinta, ba ta ko shawarce ni ba. Suka kwashe komai ina tsaye. Da suka gama, ta hau gaba kusa da direba, wurin mutum ɗaya ne. Direban ya leƙo ya nuna ni da haɓa.

"Shi fa maigidan?"

Malama ta dube ni daga sama, ta daɗe, har na fara tsorata. Sannan ta ce, "Da shi za mu, ba ni da wani. Amma ku sa shi inda ba zai taɓa komai ba."

Suka zaunar da ni a baya tsakanin kabad da murhun gas. Tun kafin mu bar layinmu na lura sun ɗaure gadon ba daidai ba, igiyar ta bi ta ƙarƙashi maimakon ta sama. Na haɗe hannuwana a cinya, ban ce komai ba har muka isa.